Gargaɗi ga jama'ar Maraɗi kan mai tallar "maganin tari na kwana uku"

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah duk wanda ya karanta ya isar wa na gida, musamman iyayenmu mata.

Akwai wani mutum da ke yawo da mota mai lasifika wajen babbar kasuwa da bakin tasha, yana tallar wani ruwa a gorar roba, ba suna, ba ranar lalacewa. Cewa yake ko tarin shekara goma ne, kwana uku ya isa. Gora guda jika biyar. Yanzu har saƙon murya yake bazawa a WhatsApp, a tura kuɗi ya ba direba ya kai Tibiri ko Madarunfa.

Abin da ya fi tada mini hankali, yana sa mutane su ajiye ƙwayoyin likita, wai ba sa jituwa da nasa. Wata baiwar Allah a unguwarmu tana wata na uku da fara maganin tarin fuka, ta ji zancensa ta daina. Da farko ta yi ta murna: tana cin abinci, fuska ta cicciko. Yau tana kwance tana tarin jini, ga ƙananan yara a ɗaki guda da ita. Wannan cikar fuska da yawan ci ita ce alamar da ake gani ga masu shan ƙwayoyi irin dexamethasone, waɗanda ke rufe ciwo na ɗan lokaci, su karya garkuwar jiki, cutar ta samu fili.

Tari mai daɗewa dalilansa da yawa. Akwai asma, akwai ƙurar hunturu da hayaƙin icce a madafa, akwai taba, akwai ƙwannafi mai tasowa da dare. Har maganin hawan jini irin captopril yakan jawo busasshen tari. Ta yaya gora guda za ta warkar da duka?

Tarin da ya wuce mako 2, balle da zazzaɓin dare, zufa da ramewa, a je ƙaramin asibitin gwamnati (CSI) mafi kusa a nemi gwajin majina. Idan tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a Nijar, kuma wata 6 ake sha: wata 2 da magani huɗu, wata 4 da biyu. Wanda ya yanke a tsakiya, ƙwayar cutar na iya bijire wa magani, jinya ta ƙara tsawo da wuya.

Kada kuma a ɗura wa yaro ruwan da ba a san asalinsa ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari, alhali wancan har da kwali da sunan kamfani.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki gorar ya kai wa ma'aikacin lafiya, ya faɗa masa kwana nawa ya yi yana sha. In kun ga motar, ku riƙe lambarta ku sanar da mai unguwa ko ƴan sanda.