Wane mazubin abincin tsuntsaye za ka saya a Ingila?

Duk wanda ya zauna a Ingila ya ga yadda mutanen nan ke rataya wa tsuntsayen daji abinci a bayan gida. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan ɗabi'a, don ciyar da mai rai lada ne. Sai dai mazubin da ka zaɓa yana iya zama ajalin tsuntsun da kake tausayi.

Tun shekarar 2005 wata cuta ta ɓulla a cikin ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, ƙwayarta ita ce Trichomonas gallinae. Masu kiwon tattabaru sun san ta, ita ce mai sa wani abu rawaya ya toshe maƙogwaro. Tsuntsu ya kasa haɗiya, ya dawo da tsabar jiƙe da yawu, na bayansa ya tsince. Ta yi wa koren tsuntsun nan da ake kira greenfinch ɓarna har aka sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana a 2021.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar teburi ko faffaɗan faranti, duk da kyansu da arharsu. Tsuntsaye na tsayawa cikin abincin, su yi kashi a ciki, ruwan sama ya jiƙa shi, ƙwayar kuwa damshi take so. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ma ta dakatar da sayar da irinsu a farkon 2025. Na katako ya fi muni, domin yana shan ruwa kuma ba ya wankuwa sosai.

Mai siffar gora, wanda ake ratayewa da 'yan ƙofofi a jiki, shi na fi yarda da shi. Amma kafin ka biya, kwance gindinsa a hannunka ka gani. In ba ya buɗewa, tsaba za ta ruɓe a inda burushi ba ya kaiwa. Kada ka haɗa da ɗan farantin da ake ɗaura masa a ƙasa. Ƙarami ya fi babba, don abinci ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na raga, mai ɗaukar gyaɗa, ba laifi in ƙarfe ne.

In da hali sayi biyu: ɗaya na rataye, ɗaya na bushewa bayan wankin mako-mako. Ranar da ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya yi lamo, baki jiƙe, sauke komai har kaskon ruwa na tsawon makonni.