Wata takwas ina kallon sitona na Dawanau daga falo

Bara da kaka aka ɗauke mini buhun riɗi uku a sito cikin dare, kwaɗo kuma lafiyarsa lau. Ba wanda zan nuna wa yatsa. Sito yana Dawanau, gidana yana Kabuga, kuma ba zan koma kwana kan buhuna da furfurata ba. Shi ya sa na sa kyamara, da sharaɗin in riƙa gani daga gida.

Abin da aka haɗa mini: kyamara huɗu ƙirar Hikvision, akwatin naɗar hoto da masu sana'ar ke kira NVR, faifan ajiya mai cin 1TB, da rauta, wato na'urar da ke ba su intanet, mai ɗaukar layin waya na 4G. Waya ɗaya ce ke kai wa kowace kyamara wuta ta kuma kwaso hotonta, muddin tsawon bai haura mita 100 ba. A gida na jona tsohuwar kwamfutar yara da talabijin, aka sa mata manhajar iVMS-4200, wadda kyauta ce. A wayata kuma Hik-Connect.

Hoton dai ba laifi. Da rana ina karanta lambar motar da ta tsaya lodi, da dare kuma baƙi da fari ne amma ana gane fuska in mutum ya matso ƙofa. Kyamarar ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Abubuwan da ke kewaye da ita su suka sha ni.

Ranar farko yaron da ya haɗa ya ɓata yini guda yana ƙoƙarin buɗe wa akwatin ƙofa a rauta don a shigo daga waje. Bai yiwu ba, domin intanet na layin waya yawanci adireshi ɗaya yake raba wa mutane da yawa, ba ka da naka na kanka. Da la'asar ya haƙura ya ɗauki hoton lambar QR da ke jikin akwatin, cikin minti biyu sito ya bayyana a waya. Sai dai da asusunsa ya yi, ba nawa ba. Akwatin asusu ɗaya yake ɗaurewa da shi, sauran mutane mai asusun ne ke ba su izinin gani. Wato ni mai kaya na zama baƙo a sitona. Sai da na sa ya kwance, na ɗaure da lambata, na canza kalmar sirri a gabansa. Ba wai na zarge shi ba ne. Amma a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da akwatunan naɗi a duniya ta hanyar gwada kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani kawai, don haka wannan ba wurin kunya ba ne.

Sai data. Ta wata guda na saya, ta ƙare kafin sati. Ashe kowace kyamara hoto iri biyu take fitarwa: babba mai kyau wanda ake ajiyewa, da ƙarami na leƙe. Ni babban nake buɗewa, duka huɗun, in bar talabijin a kunne ina shan shayi. In kowace tana tura megabit 2 a daƙiƙa, huɗu sun cinye kusan 3.6GB a awa ɗaya. Kuma biya biyu ake yi, layin sito yana turawa, na gida yana saukewa. Da aka mayar da ni kan ƙaramin, lissafin ya sauko ƙasa da 1GB a awa. Yanzu ƙaramin nake kallo, sai na ga abin da bai kwanta mini ba in buɗe babban. Faifan kuwa yana riƙe kamar kwana goma sha ɗaya kafin sabo ya hau kan tsoho, saboda haka wanda aka yi wa ɓarna kada ya ce sai ƙarshen wata zai duba.

Wuta ita ce uwa uba. Kayan duka ba su wuce wat 45 ba, sai na raina su na sa batir ɗaya mai 100Ah. Daga magariba yakan kai ƙarfe huɗu na asuba ya mutu, daidai lokacin da ɓarawo ya fi so. Dole na ƙara batir na biyu da farantin sola. Wanda zai yi irin wannan aiki ya fara ware kuɗin wuta kafin ya yi cinikin kyamara.

Hunturu ya zo da nasa. Ƙurar Dawanau ta rufe gilasan, fitilar dare ta kyamara kuma tana jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashi. Wayata ta riƙa kuka cikin dare har uwargida ta ce ko dai in kashe ta ko in kai ta zaure. Mun kashe faɗakarwar motsi, muka ja layi a bakin ƙofa a cikin manhajar, sai abu ya tsallake shi take sanar da ni. Kyanwa har yanzu tana tsallakewa. Duk Juma'a kuma yaro yana hawa tsani da tsumma.

Ɓarawon riɗi dai bai dawo ba, ko yana nan ya ga kyamara ya shiryu, Allah masani. Amfanin da na gani da idona a watan Yuni ne. Ruwan sama ya tashe ni wajen ƙarfe biyu, na buɗe waya don sabo, sai na hango ruwa yana zuba ta kwano kan jerin buhunan zoɓo. Na kira maigadi.

"Baba, a yi haƙuri na tashe ka. Kusurwar gabas tana yoyo, a ja tamfol a rufe."

"Alhaji, daga ina kake gani?"

"Daga kan gado."

Ya yi salati. Ina kallonsa ya shigo da tocila a baki, yana jan tamfol. Buhu biyu ne kawai suka jiƙe, da safe aka shanya su.