Insight Maker a hannun mai koyon tsarin abinci: abin da take iyawa da inda ta gaza

Duk wanda ya shiga kwas na nazarin tsari ko na ƙirar mafita daga buƙatar jama'a, musamman a fannin abinci, yakan fito da babbar takarda cike da kibiyoyi. Yawan girbi na karya farashi, karyewar farashi na sa manomi ya rage shuka, ragin shuka na dawo da tsada. Zanen yana da kyau a bango, amma ba ya faɗin nawa, ba ya faɗin yaushe. Wannan giɓin ne manhajar Insight Maker take cikewa, kuma a kan haka za a auna ta a nan.

Scott Fortmann-Roe ne ya gina manhajar. Kyauta ce, a burauza take aiki, ba sai an girka komai a kwamfuta ba, asusu kawai ake buɗewa. Tana bin hanyar da Jay Forrester ya assasa a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1950, wato kallon kowane tsari a matsayin abubuwan da ke taruwa da abubuwan da ke gudana. Kayan aikinta na asali huɗu ne. Akwai ma'aji, akwatin da ke riƙe abin da ya taru, kamar tan na amfanin gona a sito. Akwai bututu, mai shigarwa ko fitarwa a kowane mako ko wata. Akwai ƙima, wato lamba ko lissafi kamar kason da ke ruɓewa. Sai kibiyar haɗi, mai nuna wace ƙima ce ke shiga lissafin wace. Da waɗannan huɗun ake gina kusan komai, kuma mai koyo yana iya haɗa samfurinsa na farko a zama ɗaya.

Matsalar da ta fi dacewa a fara da ita ita ce asarar abinci, don girmanta sananne ne. Rahoton FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isa wurin masu sayar da ɗaiɗai. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 kuma ya ce an zubar da tan biliyan 1.05 a shekarar 2022 a shaguna da gidajen abinci da gidajen mutane. Amsar da ɗalibai suka fi saurin kawowa ita ce ɗakin sanyi. Ga yadda ake gwada wannan amsar a manhajar, da lambobi na misali kawai.

A sa ma'aji ɗaya mai suna Sito, a fara shi da tan 200. A ja bututun shiga, tan 100 a mako. A ja bututun sayarwa, tan 80 a mako. Na uku bututun ruɓewa ne, wanda lissafinsa shi ne abin da ke cikin Sito sau kashi 10 cikin 100. A saitin lokaci a zaɓi mako, tsawon gwaji mako 60, taku, wato tazarar da ke tsakanin lissafi da lissafi, mako ɗaya. Idan aka danna a gudanar, layin zai fito a miƙe: 100 na shiga, 80 na fita, 20 na ruɓewa, Sito na nan a 200. Yanzu a kawo ɗakin sanyi, wato a mai da kason ruɓewa kashi 5.

A makon farko asara ta faɗo daga tan 20 zuwa 10. Wanda ya rubuta rahoto a wannan watan zai ce an rage asara da rabi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma rarar da ba ta ruɓe ba tana nan a sito, tunda ba a ƙara mai saye ko ɗaya ba. Sito ya fara cika. A mako na 20 ya kai kusan tan 328, asara ta koma sama da 16. A mako na 60 ya doshi 391, asara ta kusa 20 ɗin da aka baro. Dalilin a fili yake da zarar an gan shi: muddin 100 ke shiga 80 ke fita, dole 20 ɗin ta bi wata hanya, ko ta ruɓe yau ko ta jira ta ruɓe gobe. Ɗakin sanyi lokaci yake saya wa mai kaya. Ribarsa tana fitowa ne idan an yi amfani da lokacin wajen kai kaya kasuwa mai nisa, ko sarrafa shi, ko riƙe shi zuwa lokacin ƙaranci, wato idan bututun sayarwa ya faɗaɗa.

Wannan darasin shi kaɗai ya isa a ba manhajar maki mai yawa. Zanen takarda ba zai taɓa nuna shi ba, don kibiyar da ta ce sanyi na rage ruɓewa gaskiya ce, sai dai gaskiyar ta makon farko ce. Kuma da yake ana iya sa wa kowace ƙima sandar ja a gefen allo, rukunin masu koyo suna iya matsar da sayarwa zuwa 90 ko 95 su ga layin ya canza nan take. Mutum yakan yarda da abin da ya ja da hannunsa fiye da abin da aka karanta masa.

Samfuri na biyu da ya cancanci a gina shi ne na hawa da saukar farashi, abin da masanin tattalin arziki Mordecai Ezekiel ya fayyace a 1938. Manomi yana yanke shawarar shuka da farashin bana, amma da farashin baɗi zai sayar. A ɗauka girbi tan 100 yana ba da farashi maki 100, kuma kowane tan da ya ƙaru yana rage maki ɗaya. A ɗauka kuma duk makin da farashi ya hau, manoma suna ƙara tan 0.8 a kaka mai zuwa. Fari ya sa girbi ya faɗo 80. Farashi ya tashi 120, girbi na gaba ya zama 116, farashi ya faɗo 84, girbi ya koma 87, haka dai rawar take raguwa har ta lafa. A canza 0.8 ɗin zuwa 1.2 kawai, sai jerin girbin ya zama 80, 124, 71, 135, kowace kaka ta fi ta baya muni. Babu wanda ya yi wauta a cikin manoman. Jinkirin da ke tsakanin shuka da girbi ne ya haifi rawar. Don haka manhajar waya mai aika wa kowa farashin yau, wadda masu ƙira ke sha'awar kawowa, tana iya ƙara wa rawar ƙarfi idan ta sa kowa ya amsa da ƙarfi a lokaci guda.

A nan ne kuma kurakuran sababbin hannu suke fitowa, kuma manhajar ba ta kare mutum daga dukansu. Na farko shi ne bututu mai tafiya gefe ɗaya. Kowane bututu yana da saitin da ke hana shi ɗaukar lamba ƙasa da sifiri. Idan bututu ɗaya ne ke ƙarawa da rage shuka kuma wannan saitin a kunne yake, girbi zai hau ya ƙi sauka, ba tare da wani gargaɗi ba. A duba shi kafin a zargi lissafi. Na biyu shi ne zagaye marar ma'aji: farashi na dogara da girbi, girbi na dogara da farashi, duka biyun ƙima ce. Manhajar za ta ƙi gudanarwa, kuma ta yi daidai, don a zahiri akwai abin da ke taruwa ko jinkiri a tsakani, shi aka manta a zana.

Na uku ya fi haɗari, shi ne girman taku. Idan kaya na ruɓewa kashi 60 a mako aka sa taku mako biyu, lissafin zai cire kashi 120 na abin da ke sito a taku ɗaya, sai a ga ma'aji ya shiga ƙasa da sifiri ko layi yana tsalle-tsalle. Ƙa'idar masu aikin ita ce taku kada ya wuce rubu'in lokacin abin da ya fi saurin canzawa a samfurin, sannan a raba shi biyu a sake gwadawa. In sakamakon ya canza sosai, ba a tsaya a kan ƙasa ba tukuna. Samfurin farashin da ke sama ya fita daban, don a can taku ɗaya kaka ɗaya yake wakilta, kuma in aka ƙanƙanta shi rawar za ta ɓace. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta jinkirin a fili da umarnin Delay, a ba shi tsawon kaka da lambar farawa, yadda sakamako ba zai rataya a kan taku ba. Manhajar tana ba da hanyoyin lissafi biyu, ta Euler da ta Runge-Kutta. Ta biyun ta fi daidai ga abin da ke canzawa a hankali, amma inda akwai girbi mai zubowa lokaci ɗaya ko sharaɗin kunna da kashewa, ta Euler da ƙaramin taku ta fi kwanciyar hankali.

Akwai wurin rubuta ma'aunin kowace ƙima, tan ko tan a mako, kuma in an cike shi manhajar tana kama wanda ya haɗa lissafin wata da na mako. Ba dole ba ne, shi ya sa yawancin masu koyo suke tsallakewa. Bai kamata malami ya karɓi samfurin da ba a cike wannan ba.

To ina ƙirar mafita ta shigo? Matakai biyar da makarantar ƙira ta jami'ar Stanford ta yaɗa su ne sauraron masu matsala, fayyace matsalar, kawo dabaru, yin samfurin gwaji, da gwadawa. Insight Maker ba ta da komai na mataki na farko. Ba ta da wurin ajiye hira, ba ta tambayar wa aka saurara, kuma za ta gudanar da lambar da aka ƙirƙiro a ɗaki da irin ladabin da za ta gudanar da wadda aka auno a sito. Lambar 0.8 ko 1.2 da ta raba kwanciyar kasuwa da rikicewarta ba a cikin kwamfuta take ba. Tana bakin manomi, kuma ba a samunta da tambayar me za ka yi idan farashi ya hau. Ana samunta ne da tambayar nawa ka shuka bara, nawa bana, me ya sa. Haka kason ruɓewa: sai an ware kwanduna goma, an auna nauyinsu ranar shiga, an sake aunawa bayan kwana uku da bakwai, an ware abin da mai saye zai ƙi. Manhajar tana da teburin juyi, inda ake zuba irin waɗannan ma'aunai ta zana lanƙwasar da ke tsakaninsu, kuma ya fi amfani da a tilasta wa ruɓewa ta bi layi miƙaƙƙe alhali tana farawa a hankali ne sannan ta ruga.

Inda take haskakawa shi ne tsakanin kawo dabaru da kashe kuɗi. Rukuni ya zo da dabaru shida: ɗakin sanyi, busarwa, kwangilar saye tun kafin shuka, rarraba lokacin shuka, kwando mai ƙarfi a madadin buhu, haɗa motar ɗaukar kaya. A tambayi kowace dabara bututu wane take taɓawa kuma da nawa. Wadda ba a iya nuna bututunta ba, ba a gama tunaninta ba. Sauran a gudanar da su ɗaya bayan ɗaya, a fitar da biyu zuwa fili. Sannan a koma wa masu kayan da zanen sakamakon a tambaye su ko haka sitonsu ke cika a shekara. In suka ce a'a, samfurin ne zai gyaru.

Ga lambobin da ba a tabbatar ba akwai gwajin rashin tabbas, mai maimaita samfurin sau da yawa da lambobi daban-daban ya nuna faɗin sakamakon. Abin lura ɗaya: in aka sa kason ruɓewa ya zama lambar ƙuri'a tsakanin kashi 5 da 15, zai riƙa canzawa a kowane taku sai an ɗaure shi da umarnin Fix, wanda ke tsayar da lamba ɗaya har ƙarshen kowane zagaye. In ba haka ba sama da ƙasa za su cinye juna, sakamakon ya fito a matse, a ɗauka an san abin da ba a sani ba.

Sauran raunin na yau da kullum ne. Sai da intanet, don haka taron bita a wurin da layi ke yankewa yana buƙatar shiri na daban. Maɓallai da bayanan taimako da Turanci suke, ko da yake ana iya sa wa ma'aji da bututu suna da kowane harshe. A waya ana iya kallon sakamako, amma jan kibiyoyi a ƙaramin allo wahala ce, kwamfuta ake so. Ɗakin samfuran da jama'a suka wallafa yana da girma, ana iya kwafar na wani a gyara, sai dai babu mai tantancewa, nagari da na banza a jere suke. Wanda zai zuba bayanan wata ƙungiya ko na 'yan kasuwa ya fara duba saitin wa ke iya ganin aikin.

Idan taswirar masu ruwa da tsaki kawai ake so, wa ke sayar wa wa, wa ke bin wa bashi, manhajar zana taswirar alaƙa mai suna Kumu ta fi Insight Maker kyan zane da sauƙin karantawa, amma Kumu ba ta gudanar da lissafin ma'aji da bututu. Vensim PLE, manhajar irin wannan lissafi ta kamfanin Ventana Systems, tana aiki ba intanet kuma kyauta ce ga masu koyo, sai dai girka ta ake yi kuma raba aiki da abokan rukuni ya fi wuya. Ga ajin da ke da mako huɗu zuwa shida, Insight Maker ce zaɓin da ya dace, da sharaɗin makon farko duka a fili za a yi shi da sikeli da littafin rubutu, kuma samfurin farko kada ya wuce ma'aji biyu.