F6 ya fitar da mu kunya a goman ƙarshe, amma Readline akwai taurin kai

Duk mai aiki da Bash, manhajar da ke karɓar umarni a Linux, wanda har yau yake buga dogon umarni iri ɗaya safe da yamma, ya duba Readline. Ita ce take karɓar duk abin da ka buga a tagar umarni, kuma tana ba ka damar ɗaura umarni a kan maɓallan saman nan, F1 zuwa F12, waɗanda yawancinmu ƙura ce kawai take hawansu. Ba sai ka sauko da komai ba, tare da Bash take zuwa.

Ina kula da kwamfutocin wani otal a Misfala, nan Makka, inda masu Umara daga Najeriya da Nijar suke yawan sauka. Manhajar rajistar baƙinmu tana kan babbar kwamfuta guda, kuma in aiki ya yi mata yawa sai ta sandare, sai an sake tayar da ita. Wannan umarnin na ɗaura wa F6. Yadda ake yi: ka danna Ctrl da V, sannan ka danna maɓallin, zai nuna maka lambar da yake aikawa. F6 yana nuna ^[[17~. Sai ka buɗe fayil ɗin .inputrc ka rubuta "\e[17~": (\e ke tsayawa a madadin ^[) sannan umarninka a cikin alamar zance, ka rufe da \n don ya tafi da kansa. Ka buga bind -f ~/.inputrc, magana ta ƙare.

A goman ƙarshe na Ramadan na ga amfaninsa. Wanda ya san Makka a waɗannan darare ya san yadda ake rufe hanyoyin da ke kusa da Harami, mota ba ta motsi. Ina gida a Aziziyya, ana dab da sahur, sai ga waya daga yaron da ke kwana a wurin karɓar baƙi, Bahaushe ne haifaffen Shara Mansur, yaro mai hankali amma bai san Linux ko da sunanta ba. Motocin baƙi sun iso daga Madina, tsofaffi da haraminsu a jiki, ga jakunkuna har bakin ƙofa, kowa yana so ya ajiye kaya ya sha ruwa kafin kiran salla.

“Yaya, na'ura ta tsaya cak. Manaja yana ta faɗa, ni kuma ban san inda zan taɓa ba.”

Na ce masa ya je baƙar tagar nan da nake bari a buɗe, ya danna F6, kada ya taɓa komai bayan wannan. Ina jin hayaniyar mutane ta wayar, wata dattijuwa tana tambayar ina makullin ɗakinta. Can sai ya ce, “Yaya, wallahi ta tashi!” Da a ce sai na karanta masa umarnin harafi bayan harafi, shi yana laluben alamomi a kibod mai rubutun Larabci, da sai an yi sallar asuba baƙin nan suna tsaye. A daren nan da an ce in ba Readline maki, cikakke zan ba ta ba tare da tunani ba.

To amma fa ta sha ba ni haushi, kuma yanzu da nake rubutu abin yana dawo mini. Na ɗaura wa F2 umarnin duba sauran wuri a faifai, yana aiki lafiya lau a ofis. Na shiga daga gida ta PuTTY, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, na danna, babu abin da ya faru sai wata alamar ~ da ta faɗo kan layi. Dalili kuwa, F1 zuwa F4 ba su da lamba ɗaya a ko'ina. A tagar umarni ta xterm da danginta F1 yana aika \eOP, a PuTTY yadda take zuwa yana aika \e[11~, a kan baƙin allon Linux na ainihi kuma \e[[A. Maɓalli ɗaya, baki uku. Sai dai ka shiga saitin kibod na PuTTY ka zaɓi Xterm R6, ko ka rubuta layi daban ga kowanne. Lambobin ma ba a jere suke ba: F5 15 ne, F6 17, F10 21, F11 23. Gadon na'urorin VT220 ne na 1983, har yau mu ke ɗaukar kayansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirunta. In layin bai yi daidai da maɓallin ba, ba za ta ce maka uffan ba, sai ka yi ta danna kana tsaki. Sannan ba ta tambaya kafin ta aika. In akwai guntun rubutu a kan layin, sai ta manna umarninka a bayansa ta tura su tare. Maganinsa shi ne ka fara da \C-a\C-k don ta share layin tukuna, kuma duk da haka ni ba na ɗaura wa kowane maɓalli umarnin da yake goge abu.

Ga kuma tagar umarni ta GNOME Terminal da ke riƙe F1 da F10 da F11 don hidimar kanta sai ka je ka kwance su. Ga laftof ɗin da na saya a wani shago a Jidda, mai shagon ya yi ta yabonsa, ashe F ɗinsa ƙara murya da hasken allo suke yi sai ka haɗa da Fn. Wannan ba laifin Readline ba ne, amma a kanta haushin yake sauka.

Yanzu F6 zuwa F9 kawai nake amfani da su, don su ne lambarsu ba ta sauyawa ko ta ina na shiga. Wani abokin aiki a Madina ya roƙi fayil ɗin nawa, na tura masa, ya kira yana cewa bai yi ba. Ashe zsh yake amfani da ita maimakon Bash, ita kuwa ba ta karanta .inputrc sam, sai ya sake rubuta komai da bindkey.