Remove.bg: Ta Iya Gashi, Amma Leshi da Gilashi Suna Ba Ta Wuya

Manhajar remove.bg aiki ɗaya kacal take yi, wato ta ware mutum ko kayan da ke cikin hoto, ta share duk abin da ke bayansa. Kamfanin Kaleido da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ne ya fitar da ita a ƙarshen shekarar 2018, daga bisani Canva, mai manhajar zane a intanet, ta saye kamfanin a 2021. Da farko hoton mutum kaɗai take ganewa, sai daga baya aka koya mata kayan sayarwa da dabbobi da motoci.

Ba a buƙatar girka komai a kwamfuta. Mutum zai buɗe shafinta na intanet, ya ɗora hoton, kafin ya gyara zama an dawo masa da shi babu bango. Wanda ya taɓa zama da alƙalamin zagaye na manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop ko GIMP, yana dasa ɗigo bayan ɗigo a gefen kunne da kafaɗa har idonsa ya fara yaji, shi zai fi kowa sanin darajar wannan saurin.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen gashi. Aikin hannu ya kan bar gefen kai a datse kamar an bi shi da almakashi, ko kuwa ya bar wani zobe mai launin tsohon bangon yana kewaye da mutum. Ita kuwa manhajar ba ta tsaya ga raba hoto gida biyu ba, tana ƙiyasta wa kowane ɗigo na bakin iyaka gwargwadon abin da yake na mutum da abin da yake na bango, shi ya sa silin gemu, da gashin mage, da zaren da ya ɗan tashi a bakin hula suke fitowa da laushinsu. A hoton fasfo, ko na ango da amarya da za a ɗora a kan kalandar biki, da wuya a sami abin gyarawa muddin an ɗauki hoton da haske mai kyau.

Rauninta yana bayyana ne idan abin da ake son cirowa ana iya hango bayansa ta cikinsa. Leshi mai huji-huji, da mayafi shara-shara, da kwalbar turare duk suna cikin wannan sahu. Sau da yawa launin bangon ya kan maƙale a cikin hujin leshin, ta yadda idan aka ɗora kayan a kan fari sai a ga ɗigon kore ko ruwan ƙasa a tsakiyar adon, wanda mai saye zai iya ɗauka tabo ne. Haka kuma idan farar shadda ta jingina da farin bango, manhajar ta kan yanke hannun riga ko ta cinye gefen aiki. Akwai burushin gogewa da na maidowa a cikinta, kuma suna isa a ceto hannun riga, amma bin hujin leshi ɗaya bayan ɗaya da su ya fi ƙarfin haƙurin kowa. Masu tallan yadi a WhatsApp da Instagram za su fi samun biyan buƙata idan tun wajen ɗaukar hoton suka shimfiɗa kayan a kan ƙyalle mai launi guda wanda ya saɓa da nasa, kuma suka kauce wa inuwa mai kauri.

Batun kuɗi yana buƙatar a faɗe shi a fili. Hoton da ake saukewa kyauta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na megafiksel ba (megafiksel shi ne ɗigon hoto miliyan ɗaya), kamar ɗigo 625 a faɗi da 400 a tsawo. Wannan ya wadatar a fuskar waya, amma a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci da masu ɗab'i suke so, faɗinsa bai fi santimita biyar da ɗan ɗoriya ba. Mai shagon buga fosta ko allon talla dole ya biya kafin ya sami cikakken girman, kuma idan aikinsa na da yawa, ya kamata ya kwatanta kuɗin da na Canva ko Photoshop, waɗanda su ma yanzu suna cire bango da dannawa ɗaya.

Abu na gaba da za a lura da shi, aikin ba a cikin wayar mutum ake yinsa ba, ana tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfanin. Saboda haka babu intanet babu aiki, sannan mai ɗaukar hoton biki ya dace ya nemi yardar masu hoton kafin ya ɗora, musamman hotunan mata da yara. Idan an sauke sakamakon kuma, a ajiye shi a tsarin PNG, domin JPG ba ya riƙe gurbin da aka share, zai cike shi da launi ne, galibi fari.