Hattara da mai sayar da "hoton Kaka na yaƙin Burma"

Jama'a, duk wanda gidansu akwai tsohon da ya je yaƙin Burma ya karanta wannan, ya kuma karanta wa iyayenmu mata, don su ake farauta.

Wani mutum yana yawo a Facebook da WhatsApp, wai yana da hanya a ɗakunan ajiyar tarihi na Ingila. Ka ba shi sunan kakanka da garinsu, ya zaƙulo maka hotonsa cikin kaki. Gwaggona ta faɗa hannunsa watan jiya. Mahaifinta ya yi yaƙin Hitila, ya rasu tana 'yar shekara shida, ko hoto ɗaya bai bari ba. Ta tura naira 30,000, bayan kwana uku aka aiko hoto: wani dogo da anini uku a kafaɗa, an rubuta "Kyaftin, 1944". Har kuka ta yi.

Da ta turo mini, ban tsaya kan fuskar ba tunda ban san mamacin ba. Kwalar rigar na buɗa. Ƙaho ne a jiki, irin na busa. Wannan tambarin King's African Rifles ne, sojan Kenya da Yuganda da Tanganyika da Nyasaland. Namu na Rundunar Najeriya suna ƙarƙashin RWAFF, wato Royal West African Frontier Force, sojan Ingila na Afirka ta Yamma, tambarinsu kuwa bishiyar kwakwa ce, da haruffan a ƙasanta. Shi ma harafin R na farko sai 1928 aka ƙara shi, saboda haka wanda ya nuna maka RWAFF a hoton da ya ce na yaƙin Kamaru na 1914 ne, ya yi maka ƙarya.

A Burma akwai kuma ƙyallen da ake ɗinkawa a damtse. Runduna ta 81, wadda ta shiga kwarin Kaladan, baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa. Ta 82 mashi biyu ne gicciye a kan gammo, gammon nan dai na 'yan dako. Hoton Gwaggo babu ko ɗaya.

Aninan ne suka gama tona asiri. A 1944 hafsoshin Rundunar Najeriya Turawa ne. Namu igiya suke ɗaurawa: kofur biyu, saje uku, ƙarshen hawa samanja. Sai bayan yaƙi aka fara ba 'yan Najeriya anini, Zakariya Maimalari ma a 1953 ya samu nasa. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, samanja ne lokacin yaƙin, kyaftin ɗin girmamawa daga baya ya zo. To ina Kaka ya samo uku? Jikin wani Bature aka ɗauka aka liƙa masa kan baƙar fata. In ka lura da wuyan ma, inuwar ba ta haɗu ba. Wayonsu ke nan, sun san ba wanda zai ƙi a ce masa kakansa hafsa ne.

Na kira shi na ce, "Malam, wace bataliya Kaka yake? Mece ce lambarsa?" Ya hau kame-kame, sai ya juya zance: wai Ingila za ta biya jikoki kuɗin sallama, Hajiya ta turo kuɗin rajista da BVN da lambar da za ta shigo wayarta. Ashe hoton tsutsar ƙugiya ce. Da na ambaci ƙahon, ya kashe waya ya toshe ni. Na kai ƙorafin lambar asusunsa banki, na kuma ji yana sauya suna da hoton shafi.

Mai neman nasa ya fara da adakar gida. Littafin sallama yana da lambar soja, ta 'yan Najeriya da NA take farawa. Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa a shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojan da suka mutu a yaƙi, kyauta ne. Imperial War Museum, gidan tarihin yaƙi na Ingila, ma ta zuba hotunan sojan Afirka ta Yamma a intanet, kallo ba ko sisi, sai dai da yawa ba a rubuta sunayen mutanen ba.

Gwaggo ta yarda an cuce ta, amma har yau ba ta goge hoton ba. Ta ce kunnuwan sun yi kama da na yayanta.