Seshan ɗaya ga manhaja duka, ko kowace buƙata da nata?

Ɗan'uwanmu na Aboabo ya tambaya: ya haɗa wa wata makarantar Islamiyya a nan Kumasi manhajar karɓar kuɗin makaranta da Flask (kayan gina manhajar intanet) da SQLAlchemy (mai haɗa manhajar da rumbun bayanai) da PostgreSQL (rumbun bayanan kansa). Duk farkon zango, idan iyaye suka yi ca wajen biya, sai shafin ya tsaya cak na rabin minti, ya fito da saƙon QueuePool limit of size 5 overflow 10 reached. Wani ya ba shi shawarar ya buɗe seshan ɗaya tun tashin manhajar, kowa ya yi amfani da shi. Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, kafin komai ka raba abu biyu. Seshan ba shi da tsada, abu ne da ke zaune a ƙwaƙwalwar manhajarka yana lura da abin da ka ɗauko da abin da ka canza. Mai tsadar shi ne layin haɗi zuwa rumbun bayanai, domin PostgreSQL sabon aiki yake tayarwa a sabar ga kowane layi, kuma in ba ka taɓa saitin ba, layi 100 kawai yake karɓa. Shi ya sa SQLAlchemy ke ajiye taskar layuka: 5 na dindindin, 10 na ƙari idan an matsu. Mai buƙata na 16 zai jira daƙiƙa 30, sannan a kore shi. Rabin mintin da kake gani ke nan.

Seshan ɗaya ga kowa yana da daɗin rubutawa, iyakar alherinsa ke nan. Ba a gina shi don buƙatu biyu su taɓa shi lokaci guda ba. Mahaifi ɗaya na tsakiyar biya, wani ya zo ya yi commit, wato ya tabbatar da canje-canje a rumbu, sai a adana rabin aikin na farko. Idan kuma rubutu ɗaya ya gaza ba a yi rollback ba, wato ba a soke aikin da ya gaza ba, seshan ya ƙi kowa har sai an sake tayar da manhajar. Ga tsohon bayani: sakatare ya gyara ajin yaro, shafi na ci gaba da nuna na jiya saboda abin da seshan ya riƙe. A ɓangaren PostgreSQL kuma layin zai zauna idle in transaction, wato ya buɗe aiki bai rufe ba, yana riƙe da makullai, yana hana sharar tsofaffin bayanan da ke teburi. A gaskiya ban ga inda zan yarda da wannan a manhajar da mutane da yawa ke shiga ba.

Seshan na kowace buƙata kuwa, ana buɗe shi da shigowar buƙatar, a rufe da fitarta. Flask-SQLAlchemy ma da kansa yake rufewa. Bai ɗaukar layi sai an aika tambayar farko, kuma da an yi commit ko an rufe, layin ya koma taska. Kuskuren wani ba ya shafar wani.

To me ya cinye maka 15 ɗin? Layukan nan kamar butocin alwala ne a babban masallaci ranar Juma'a: ba su da yawa amma suna isa, muddin ba wanda ya riƙe buta ya tsaya hira. Ina kyautata zaton mai hirar a wajenka shi ne biyan MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Ka karanta sunan ɗalibi daga rumbu, tiranzakshan (zangon aiki da rumbu, mai riƙe layi har sai an yi commit) ya buɗe, sannan ka tura buƙatar biya ka tsaya kana duba ko uwar yaro ta sa lambar sirrinta. Tana neman wayar a jaka, layinka na hannu. Mutum 15 suka yi haka, an gama. Ka rubuta biyan a matsayin "ana jira", ka yi commit, sannan ka kira MoMo. Idan amsa ta dawo, sabon seshan ya kammala. Ka duba kuma ko akwai inda ka buɗe Session da hannunka, musamman wajen aika saƙon tes, ba ka rufe ba. Ka sa shi cikin with na Python, don ya rufe da kansa.

Kada ka yi gaggawar ɗaga pool_size, wato yawan layukan dindindin, zuwa 50. Kowane ma'aikacin Gunicorn, mai gudanar da manhajar a sabar, da taskarsa: huɗu sau 15 sun riga sun kai 60, huɗu sau 60 (50 da ƙarin 10) kuwa sun wuce 100 nesa, sai ka koma ganin too many clients. Ranar da manhajar ta girma har sabar ta zama biyu ko uku, a lokacin ne PgBouncer, mai raba layuka kaɗan tsakanin sabar da yawa, zai yi maka amfani.

Abu biyu ƙanana. Ka kunna pool_pre_ping, mai gwada layi kafin a miƙa shi, don idan wuta ta ɗauke rumbun ya sake tashi, kada a miƙa wa mutane matattun layuka. Sannan shafin da ke jero ɗalibai 300 da kuɗin kowa, in dai yana aika tambaya ɗaya ga kowane yaro, selectinload na SQLAlchemy zai mayar da tambayoyin su zama biyu kacal. Dogon seshan ka bar shi ga aikin dare na haɗa rahoto, shi ma ka riƙa commit kashi-kashi.